Yadda Za Ka Rage Shayi, Goro da Lemon Kwalba Cikin Sati Huɗu Ba Tare da Ciwon Kai Ya Kayar da Kai Ba

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a kan keke lokacin ɗinkin sallah ya san abin da ke riƙe da mu: shayi mai kauri, goro a kumatu, da lemon ƙara kuzarin nan da samari ke kira enaji. Na daɗe a haka, har sai da na wayi gari hannuna na rawa wajen zura zare a allura, in kwanta ƙarfe 1 na dare idona biyu har kiran assalatu. Karon farko da na yi niyyar dainawa, rana ɗaya na yanke komai. Kwana biyu na yi, ciwon kai ya mayar da ni teburin mai shayi. Sai daga baya na gano hanyar da ke ɗorewa, kuma tun daga nan na bi da yaran shagona da dama ta kanta. Sirrinta ɗaya ne: kada ka cire wani abu daga bakinka sai ka ajiye madadinsa a inda hannunka zai kai.

Kayan da za ka tanada

Na awo: ƙaramin littafi da biro, faranti ɗaya, da cokalin shayi guda ɗaya wanda da shi kaɗai za ka riƙa awon sukari. Idan ka shafe shi bai yi tozo ba, yana ɗaukar kusan giram 4. Ƙwayar sukari ta kwali kuwa ta kai giram 5 ko ta ɗan ɗara.

Na abin sha: gorar ruwa, filas, tukunyar silba, rariya ko tsaftataccen ƙyallen tata, da robobi 6 masu cin rabin lita. Sai busasshen zoɓo, ɗanyar citta, kanumfari, abarba ɗaya, dabino, da na'ana'a in an samu.

Na taɓawa: gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, gurjiya, ƙwai, da duk ɗan itacen da ke yayi a kasuwarku. Kada ka sayi da yawa tukuna, sai mataki na 5.

Game da lokaci, kada ka fara a satin da aiki ya yi maka yawa ko kana shirin doguwar tafiya. Lokacin da na fi so shi ne wata guda kafin azumi, domin ciwon kan nan da ke damun mutane a kwanakin farko na Ramadan, sau da yawa rashin shayi da goro ne ba yunwa ba.

1. Sati na farko: rubuta kawai, kada ka rage komai

Kwana 7 ka ci gaba da rayuwarka yadda ka saba, amma duk abin da ya shiga bakinka banda tuwo da ruwa, ka rubuta shi da lokacinsa. Har ɓarin goron da aka miƙo maka a majalisa. Abu biyu kake lissafawa: kafeyin, wato sinadarin da ke korar barci, da kuma sukari.

Ga ƙiyasin kafeyin da za ka yi aiki da shi. Kofin shayi na ganye ɗaya, miligiram 40 zuwa 50. Kofin gahawa irin ta gari, kusan 60, ya danganta da yadda aka cika cokali. Baƙin lemon kwalba na rabin lita, kusan 50. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da 80, kuma yawancin enaji suna kusa da 30 a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita ta kai 150. Goro kuwa, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshensa kafeyin ne, don haka babban goro ɗaya ka lissafa shi a matsayin kofin gahawa ko fiye. Ka duba kwalin maganin ciwon kai ko na mura da kake sha, wasu akwai kafeyin a ciki.

Hukumomin kula da abinci na Amurka da na Turai sun tsaya a kan cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a rana, mai juna biyu kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ta wuce 200. Yara ba su da buƙatarsa sam, balle enaji.

Sukari kuma a jikin kwalbar yake a rubuce, sai dai na mililita 100 ake rubutawa, ba na duka kwalbar ba. Nan mutane ke ruɗuwa. In robar rabin lita ce, ka ninka lambar sau 5, sannan ka raba da 4, ka sami adadin cokali. Baƙin lemo na da kusan giram 10.6 a mililita 100: sau 5, giram 53 ke nan, cokali 13. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wanda ga baligi ya kama kusan giram 50 a rana, in ma da hali ya koma 25. Roba ɗaya ta cinye maka rabon yini har da bashi.

2. Zuba shi a faranti

Ranar ta bakwai, ka ɗauki ranar da ta fi muni a littafin, ka auna adadin cokulan sukarin ka zuba a faranti. Nawa lissafin ya kama haka: ƙwaya 4 a shayin safe, lemo roba 2, enaji ɗaya da dare. Sama da cokali 40. Na ajiye farantin a kan teburin yanka, yaran suka kewaye shi kamar an kawo gawa. Gani ya kori ji. Kada ka tsallake wannan matakin don kana ganin wasan yara ne. A lokacin da na so komawa gidan jiya, hoton farantin ne ya riƙe ni, ba lambobin ba.

3. Haɗa zoɓon da zai maye gurbin lemo

A nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Zoɓo ba shi da kafeyin ko kaɗan, yana da sanyi da ɗan tsamin da bakin mai shan lemo ke nema, ga arha. Namu ne na gida: daga Jigawa, ta kasuwanni irin Maigatari, ake lodinsa har Meziko, mu kuma muna nan muna sayen ruwan sukari mai launi.

Awon da nake yi: gwangwanin madara 2 na busasshen zoɓo a ruwa lita 3 da rabi, wanda bayan tafasa da tata zai ba ka kusan lita 3, wato robobi 6.

Ka fara da tsince zoɓon, ka cire tsakuwa da itatuwa. Ka ɗauraye shi da ruwan sanyi sau biyu, da hanzari, don yashi ya sauka. Kada ka bar shi ya jiƙa a ruwan wankin, launinsa da ɗanɗanonsa za su bi ruwan su tafi. Ka wanke abarbar sosai tun kafin ka fere ta, domin ɓawon za ka dafa. Ka zuba zoɓo, ɓawon abarba, dakakkiyar citta kamar tsawon babban yatsa biyu, da kanumfari ƙwaya 8 zuwa 10 a tukunya. In ya tafasa, ka rage wuta ka ba shi minti 15 zuwa 20. Ka sauke, ka jefa na'ana'a, ka rufe ya huce da kansa. Sannan ka tace sau biyu, na biyun da ƙyalle, kuma kada ka juye ragowar ƙasan tukunya, nan yashin da ya tsere yake kwanciya.

Yanzu zaƙi. A satin da ka fara shan zoɓon ka sa cokali 2 a kowace roba, wato cokali 12 a duka tukunyar. Lissafa da kanka: giram 48, duk robobi 6 ba su kai roba ɗaya ta lemo ba. In ka niƙa rabin naman abarbar ka tace a ciki, za ka ga ko cokali ɗaya ya isa. Wasu suna jiƙa dabino 10 zuwa 15, su cire ƙwallon, su markaɗa su zuba. Yana da daɗi, yana ba shi kauri, amma kada ka ɗauka dabino ba zaƙi ba ne.

Kura-kuran da na fi gani:

Sa kanwa don kashe tsami. Tana kashe shi, amma tana baƙanta zoɓon, kuma kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini ba ya buƙatar ƙarinta. In tsami ya yi maka yawa, ƙara ruwa, ko ka dafa ɗan dankalin Hausa a ciki ka murje ka tace, yadda iyayenmu mata ke yi.

Zuba garin lemo na leda da su filebo. Da ka yi haka ka dawo inda ka baro.

Barin zoɓo ya kwana a tukunyar alminiyam. Tsaminsa na cin ƙarfen, har ɗanɗano yakan canza. In ita kaɗai gare ka, ka dafa ka juye nan take a roba mai murfi.

Amfani da robobin da aka tsinto. Ka yi amfani da na gidanka, ka wanke da sabulu, ka kife su su bushe.

In ba wutar lantarki, kada ka haɗa na kwana uku. Yi rabin awo ka shanye a ranar. Ka jefa robar cikin randa ko ka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, za ta yi sanyin da ya isa. A firij yakan kai kwana 2 zuwa 3. Da ka buɗe ka ji ya yi ƙarar fitar iska kamar lemo, ko warinsa ya juya, zubar.

In ba zoɓo, tsamiya na yin wannan aikin: ka jiƙa ta a ruwan ɗumi, ka murje, ka tace, ka sa citta. Haka garin 'ya'yan kuka, ba na miya ba, wanda ake damawa da nono. Kunun aya ma madadi ne mai kyau, ayar da kanta tana da zaƙi, sai dai ba ya jure zafi, cikin 'yan awanni yake lalacewa in ba sanyi.

Gargaɗi: zoɓo na ɗan saukar da hawan jini. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari ya faɗa wa likitansa kafin ya mayar da shi abin shan kullum, mai juna biyu kuma ta haƙura da shi sai ta tambayi ma'aikatan awo.

Kuma zoɓo ba ruwa ba ne. Roba ɗaya ko biyu a rana. Sauran ƙishirwa ta gora ce. Yawancin lokutan da nake aika yaro sayen lemo da rana, ƙishirwa ce kawai take damuna.

4. Sati na biyu da na uku: saukar da kafeyin a hankali

Ga ɗan bayanin da ya kamata ka sani. Akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga safe, shi ke sa ka ji barci. Kafeyin ba ya cire gajiya, toshe wa wannan sinadarin hanya yake yi. In ka saba, jiki na daidaita kansa da shi, shi ya sa yankewa rana ɗaya ke kawo ciwon kai bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta a kwana na biyu, wani ya kai sati yana fama. Saboda haka rubu'i-rubu'i za ka rage: duk kwana 4 ko 5 ka cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake sha.

Fara da na yamma. Jiki na ɗaukar kusan awa 5 kafin ya kawar da rabin kafeyin da ka sha. In ka sha enaji mai miligiram 150 bayan la'asar, ƙarfe 4, to ƙarfe 9 na dare akwai 75 a jininka, ƙarfe 2 na dare akwai kusan 40, daidai da kofin shayi. Ka kwana ba ka yi barcin kirki ba, ka tashi a gajiye, ka nemi shayi mai ƙarfi, haka abin ke zagayawa. Dokar da na kafa wa kaina mai sauƙin tunawa ce: daga sallar azahar, an rufe.

Enaji ne farkon wanda zai tafi, shi ya haɗa kafeyin da sukari a kwalba ɗaya. Rabin roba na kwana 4, sannan ka maye gurbinsa da kofin shayi, sannan ka bar shi. Masu haɗa shi da ƙwayoyi don su jure aiki, wannan ba maganar ragewa ba ce, wasa da zuciya ne, asibiti ya kamata su je.

Shayi kuma ba sai ka rabu da shi ba. Ni har yau ina shan kofi ɗaya da safe. Ka cire ganyen bayan minti ɗaya ko biyu maimakon ka bar shi ya yi ta jiƙa, kuma ka daina ce wa mai shayi ya ɗora maka cokalin gahawa a kai. Na yamma ka maye shi da shayin citta, kanumfari da na'ana'a a filas, ba ganye. Ga masu zaman fada da ƙaramar buta a kan gawayi, kamar yadda ake yi a Damagaram, Maraɗi da unguwanninmu, zubin farko shi ne mai ƙarfi, na ƙarshe shi ne mai sukari. Ka karɓi na tsakiya, ƙaramin kofi ɗaya, ka ci gaba da hira. Kuma kada ka kora abinci da shayi, musamman mata da masu ƙarancin jini, domin yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe. A bari awa ɗaya ta wuce.

Goro ya fi wuya, don ba baki kaɗai ke cinsa ba, har da zumunci. Tun zamanin fataken Gwanja yake cikin aurenmu da sunanmu. Ka raba shi huɗu da safe, ka naɗe a ɗanyen ganye ko leda, ka ci ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya kafin azahar, ka kyautar da sauran. In bakinka na neman abin tauna mai ɗaci, gauta ko yalo na toshe wannan gurbin.

In ciwon kai ya zo duk da haka, ka sha ruwa, ka sha rabin kofin shayi, ka koma awon jiya na ƙarin kwana biyu. Ba faɗuwa ba ce, saurin ne ya yi yawa. Amma ciwon kai mai tsanani da bai saba ba, ko bugun zuciya da ciwon ƙirji, wannan na asibiti ne. Direbobi kuma, in barci ya zo a hanya ba goron da zai tare shi. Ka faka ka runtsa na minti 20.

5. Abin taɓawa

Yunwar ƙarfe 11 da ta bayan la'asar ce ke tura mutum ga biskit, cincin, fanke da alawa. Suna cika baki, bayan awa ɗaya ka ji kamar ba ka ci komai ba. Ka nemi abin da ke zama a ciki: cikin tafin hannu ɗaya na gyaɗa, dafaffen ƙwai, dafaffiyar gurjiya, gasasshiyar masara, awara 'yar kaɗan, ƙuli-ƙuli biyu ko uku, ko aya. Ka haɗa da gwanda, kankana, karas, gurji ko goruba. Lemon zaƙi ka sha shi da namansa, ya fi a matse shi a kofi.

Ka ƙulla rabon kowace rana daban tun da daddare. In ka ajiye kwalbar gyaɗa gaba ɗaya a gabanka, kafin magariba ta ƙare, na gwada. Gyaɗar da ta yanƙwane, ta canza launi ko ta yi ɗaci, ka tofar ka zubar. Fumfunar da ke kama ta na fitar da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Dabino 3 sun isa, ba rabin leda ba.

6. Sati na huɗu: sukarin shayi

Na bar shi ƙarshe da gangan, don wanda aka hana lemo da goro da zaƙin shayi rana ɗaya ba zai kai Juma'a ba. Rabin cokali za ka riƙa ragewa duk kwana 4. Harshe na sabawa, har wata rana a ba ka irin shayinka na da ka kasa shanyewa. A teburin mai shayi ka ce, "Malam, kada ka sa sukari, miƙo in zuba da kaina." In ya haɗa da garin koko na gwangwani ko madara mai kauri, sun riga sun zo da nasu sukarin.

Kada ka yaudari kanka da zuma ko mazarƙwaila, a lissafin nan duk sukari ne. Haka wanda ya bar baƙin lemo ya koma malt, jus na kwali ko yogot mai zaƙi: tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Juya kwalbar, in ta rabin lita ce ninka da 5, raba da 4. Fura da nono ma, in an dama da ludayin sukari, lissafin bai canza ba. Ka ce a dama maka ba sukari, ka sa cokali ɗaya da hannunka.

7. Ranar biki da ranar baƙi

A ɗaurin aure ko suna, in aka miƙo goro ka karɓa ka yi addu'a, ka sa a aljihu, akwai dattijon da zai yi murna da shi a hanya. In an dire maka lemo a gidan surukai, ka sha rabi ka nemi ruwa, ba wanda zai ƙirga. In ka zarce ranar, washegari ka koma awonka, ba sai ka faro daga sati na farko ba. Bayan wata ɗaya ka sake rubutun kwana 3, ka sake zuba cokulan a faranti ka kwatanta da na farko.

Ga 'yan'uwana teloli kuma, ƙarin gargaɗi ɗaya da na biya kuɗinsa: robar zoɓo a ƙasa ake ajiye ta, a rufe, nesa da teburin yanka. Farar shaddar mutane yadi 10 ba ta yafe ɗigo ɗaya.